Tukunyar Ƙasa a Ƙarƙashin Gadon Kaka

Jiya aka yi ruwan farko a Gummi. Tun kafin ya sauko iska ta kawo ƙamshin nan na busasshiyar ƙasa in ta ji ɗigon ruwa, matan gidanmu suka fito tsakar gida suna buɗe hanci suna hamdala. Wata mai ciki a cikinsu har cewa ta yi ji take kamar ta ɓantari bango ta ci. Aka yi dariya. Ni kuwa na ɗauki ɗana na shige ɗaki na saki labule. Sun saba da ni, cewa suke ban da daɗin zama ranar ruwan farko, kuma ban taɓa tsayawa yi musu bayani ba. Kai mai karatu zan yi wa, don kai ba za ka katse ni tun ban kai ƙarshe ba ka ce in yi haƙuri ba.

A wani ƙauye na ƙasar Anka aka haife ni, a gidan kakata, uwar babanmu. Gidan na Baba ne a baki, amma kowa ya san mai shi. Tsohuwa ce doguwa, siririya, mai faɗan tsiya da son jikoki, kuma a ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni. Abin alfaharinta a duniya shi ne daɓen ƙofar ɗakinta. Ta ce shekarar da aka kawo ta gidan matan unguwa suka taru da madaɓansu suka daddaɓe shi suna waƙa, suka shayar da shi ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, har ya yi ja ya yi santsi. Duk rani sai ta sabunta shi. Kullum bayan sallar asuba sai ka ji tsintsiyarta, a hankali, kamar mai taje kan jariri. Ita ta koya mini shara, da ranƙwashi ta koya mini. In na bar ko tsinke ɗaya sai ta ce mijin da ya aure ni ya shiga uku. A kan daɓen nan ake shanya tsaba, a kai muke cin tuwo, a kai jarirai ke koyon rarrafe. In sanyi ya kama mata gaɓoɓi har taɓa ruwa ya gagara, a kai take buga tafi ta yi taimama.

Daɓen ya ƙare ne a wata kusurwa, gindin katanga, inda masu jego ke wanka. A nan ake binne mabiyiyar duk wanda aka haifa a gidan. Ta Baba na nan, ta ƙannensa, tawa, ta autanmu. Wurin ba daɓe, ƙasa ce ja mai laushi, kuma can Kaka ke kai ƙarshen shararta kafin ta kwashe. Tana da wata al'ada da ban gan ta a kowane gida ba, ko da yake ita cewa take haka ta taras uwar mijinta na yi. In yaro ya fara rarrafe sai ta ɗauke shi ta kai shi kusurwar, ta yi bisimilla, ta dangwali ƙasar da ɗan yatsa ta ɗora masa a harshe. Haka in ɗan gida ya yi doguwar tafiya ya sha ruwan wani gari, ba zai zauna ba sai ta ɗanɗana masa. Sanin gida take kiran abin.

"Yaro in bai ɗanɗani ƙasag gidan ubanai ba, baƙo na, ko da shi tsuhwa ciki."

An yi mini, an yi wa kowa, ba abin da ya same mu. Wannan ita ce hujjarta har ta koma ga Allah, kuma gaskiya ce. Ƙasar ce aka sauya mata a ƙarƙashin ƙafa ba ta sani ba.

Ina 'yar yarinya mai tallan ƙuli aka fara maganar zinari. Mazan garin suka bar gonaki suka koma ramuka, su dawo da buhunan duwatsu a kan babur. Da farko murna ce. Aka ga kwanon rufi a gidajen da ba su taɓa mafarkinsa ba, aka ga nama a miya ba ranar kasuwa ba. A cikin gida ake fasa dutsen, a daka shi a turmi, daga baya aka kawo injin niƙa irin na hatsi aka kafa a bayan zaure. Ƙura ta zama abokiyar zamanmu, wata irin ƙura mai laushi kamar garin tuwo, tana sauka a kan randa, a kan tabarma, a kan gashin ido. To, in an niƙa an wanke, ana bukatar wuri mai santsi da za a shanya garin dutsen a kwashe shi ba a yi asarar ko ƙwaya ba. Ina ya fi daɓen Kaka? Ita da kanta ta ba su. Har tinƙaho take a gidan suna, wai duk unguwa ba daɓen da ya isa a shanya zinari a kai sai nata. In sun kwashe ta bi da tsintsiya, ta kora abin da ya rage zuwa kusurwar nan.

Sai yara suka fara faɗuwa. Ƙanana, masu rarrafe da masu tatata. Yaro na wasa sai ya fara amai, ya daina cin abinci, ya sanƙare yana jijjiga, idonsa ya juye. Safiya ba ta yi ba ka ji kuka daga wani gida ba. Tsofaffi suka ce zinari dukiyar aljanu ce, an ɗebo ba a nemi izini ba, shi ne suke karɓar diyya. Aka yi sadakar waina, aka yi saukar Alƙur'ani, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Injin kuwa bai tsaya ba ko yini ɗaya.

Autanmu na cikin waɗanda suka faɗi. Bai daɗe da fara tafiya ba, yaro ne mai ƙiriniya da dariya, Kaka na kiransa angonta. In Inna, mahaifiyarmu, ta kawo mata tuwo sai ta ce a ajiye, sai angonta ya fara ci. Ranar da ya sanƙare a kan daɓen, Inna ta saɓa shi a kafaɗa ba mayafi ta yi waje. Allah ya sa lokacin baƙin likitoci sun riga sun zo sun kafa tantuna a babban gari. Su suka ce dalma ce. Suka ce tana cikin dutsen, ta bi ƙura ta shiga ƙasa, yara na kai hannu baki tana shiga jininsu tana taɓa ƙwaƙwalwa. Suka riƙe auta da Inna suna ba shi magani, suka ce ba zai koma gida ba sai an kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa.

Na tuna ranar da masu kwasar ƙasa suka shigo, da shebur da baro da fararen buhuna, hancinsu a rufe. Babbansu na riƙe da wata na'ura kamar babbar tocila, yana dafa ta a ƙasa yana duba abin da ta nuna. Ya gwada wajen turken awaki, ya ce da sauƙi. Ya gwada bakin makewayi, ya ce da sauƙi. Da ya zo daɓen Kaka sai ya tsaya, ya matsa kusurwar ya sake gwadawa, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa. Cikin ladabi ya faɗa wa Baba cewa duk gidan ba inda ya kai nan guba. Kaka na zaune a bakin ƙofa tana ji. Ban taɓa ganin an ci mutuncin mutum irin yadda ta ji an ci nata ba. A ce turken awaki ya fi ƙofar ɗakinta tsabta!

"Ɗana," ta ce masa, "ƙasad da Allah Yac ce a yi tsarki da ita in babu ruwa, ita kuka ce ma guba? Nuna min ita in gani."

Bawan Allah ya yi ta bayani, cewa ba a ganinta, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Duk abin da ya faɗa ƙara mata ƙarfi yake. Abin da ba a gani, ba a ji, ba a shaƙa, ai a wurinta sunansa iska, kuma iska ba shebur ke korarta ba. Liman ya riga ya yi wa'azi a masallaci a bari a kwashe, Baba ya durƙusa ya roƙe ta, ya ce ba za a sako masa ɗa ba sai an yi. Wannan ne ya sa ta ƙyale su. Ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, tana ji ana farfasa daɓen da take tattali tun tana amarya. Aka zuba mana wata ƙasa fara, mai yashi-yashi, daga wani wuri can bayan gari. Gidan ya yi fari fat kamar ba namu ba. Aka fitar da injin zuwa daji.

Auta ya dawo ya rame amma yana dariya, yana kiran sunan kowa da gwarancinsa. Muka ce an tsira. Kaka ta karɓe shi ta rungume tana hawaye, ta ce angonta ya sha ruwan baƙi ya dawo gidan baƙi. Daga ranar kullum da safe sai ta aika a kawo mata shi ɗaki, kuma ba wanda ya ga aibun haka. Wa zai hana kaka jikanta?

Inna ce ta gano. Wata safiya tana share masa baki da gefen zane sai ta ga ja a leɓensa, alhali duk gidan ba sauran jar ƙasa. Ta jira Kaka ta zaga, ta leƙa ƙarƙashin gado. Bayan jeren kwanoni akwai wata 'yar tukunya rufe da faifai, wadda ni duk zatona kanwa ce a ciki. Cike take da ƙasar kusurwa. Ashe kafin masu shebur su zo tsohuwa ta riga ta ɗiba ta ɓoye. A lissafinta, tun da an kwashe wa yaro ƙasar da ta san shi, ɗanɗanawa sau ɗaya ba za ta isa ba, sai kullum, har ya kama gida.

Yanzu ka duba halin da Inna ta shiga. Mace ce da tun da aka kawo ta ba ta taɓa kallon surukarta ido cikin ido ba, ba ta taɓa gaishe ta a tsaye ba. Ta bi hanyar da aka sani, ta faɗa wa mijinta. Ina tankaɗe a gefe na ji amsarsa.

"Mi kika so in yi? Uwata ta. An hwasa mata daɓe, yanzu kuma in shiga ɗakinta in yi bincike? 'Yak ƙasad da ba ta cika cokali ba?"

Ya ce zai san yadda zai yi mata magana a hankali. Hankalin nan bai zo ba. Kullum sai ya fita daji da sassafe ya dawo a gajiye, kullum sai gobe. Inna ta koma ɓoye yaron, ta goya shi ta tafi rijiya tun da duhun asuba, ta ce yana barci, ta ce yana zawo. Kaka ta gane, ta fara zuwa da kanta ta kwance shi daga goyo, Inna na durƙushe tana kallo. Ranar da aka koma da yara awon jini, likita ya tambayi Inna ko an dawo da niƙa cikin gida ne, don dalmar da ke jinin auta ta sake hawa. Ta ce a'a. Ba ta iya faɗa wa baƙo cewa surukarta ce ba. Wannan kunya tamu, wallahi wani lokaci in na tuna ta sai in rasa inda zan sa kaina.

Sai da auta ya sake sanƙarewa, da hantsi, a gaban murhu. Da ya lafa, Inna ta miƙa mini shi, ta nufi ɗakin Kaka. Ta yi sallama, ta durƙusa, ta gaishe ta kamar kullum. Sannan ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo tukunyar.

"A gahwarce ni," ta ce. "Ɗana na."

Kaka ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Mabiyiyatai na cikin ƙasag ga, da ta ubanai. Kin raba shi da gida nai. Duk abin da yas same shi daga yau, ke ta."

Inna ta ɗora tukunyar a ka, ta ratsa tsakar gida, ta ratsa zaure gaban maza, ta bi ta tsakiyar gari rana tsaka har ramin da aka binne buhunan ƙasar da aka kwashe, ta jefa ta. Ta dawo ta ɗauki ɗanta ta koma wurin likitoci.

Auta bai mutu ba. Amma yaron da ya dawo karo na biyu ba shi ne ya tafi ba. Maganar da ya fara ta tsaya inda take, ta daɗe kafin ta motsa. Aka sa shi makarantar allo, malam ya yi iya yinsa ya ce a bar shi haka. Ga abin da ya fi ci mini rai: yaro ɗaya, amma kowa shaidarsa yake gani a jikinsa. Inna in ta dube shi tukunya take gani. Kaka in ta dube shi cewa take ai ga shi nan, tun ranar da aka zubar da ƙasarsa hankalinsa ya bi ta, bai san inda zai dawo ba. Kuma rabin matan unguwa bayanta suka bi. Ba a yi zancen dalma a gidajen biki ba, zancen da aka yi shi ne na matar da ta shiga ɗakin surukarta ta ɗauko kaya. Na tambayi wani ma'aikacin asibiti da na girma, ko ciwon farko ne ya yi ɓarnar ko na tukunya, ya ce ba mai iya rabewa. Ko wannan ɗin ban samu ba, in san inda zan ajiye fushina.

Kaka ba ta ƙara yi wa Inna magana ba bayan amsa gaisuwa. Tana cin tuwonta, ba ta cewa an gode. Amma angonta bai taɓa fita ranta ba, kuma shi ma ba ya rabuwa da ita. Da ba tukunya, sai ta riƙa kai shi bakin zaure in sun dawo daga unguwa, ta sunkuya da ƙyar ta dangwali farar ƙasar ta sa masa a baki, tana tsaki tana cewa wannan ba ta san kowa ba, amma ta fi babu. Ita ce matar da ke tashi ta lulluɓe ni in sanyi ya yi, ita ke ɓoye mini ƙanzo. Ina sonta har gobe. Kuma har gobe in na tuna ta sai na ji kamar in kama kafaɗunta in girgiza. Ta rasu ba ta yarda ba, ba ta kuma yi shakka ba ko sau ɗaya.

Ni ma kada in yi maka ƙaryar na fi ta. Da na haihu a nan Gummi, uwar mijina ta naɗe mabiyiyar a tsumma ta binne a bayan ɗakinta, na ji wani sanyi a raina, kamar yanzu ne ɗana ya samu wurin tsayawa. Ni ɗin nan da ba na barinsa ya taɓa ƙasa sai a kan tabarma, da nake wanke masa hannu har matan gida suna cewa zan saɓule masa fata. In na bi mijina fadama lokacin yankan shinkafa sallah ta same mu nesa da ruwa, nakan tsaya ina kallon ƙasa kafin in buga tafi. Abin da aka ce in yi tsarki da shi nake tuhuma. Kaka ta rayu ta mutu ƙasa uwa ce a wurinta. Ni an bar ni a tsakiya, ban iya yarda da ita ba, ban iya rabuwa da ita ba.

Kwanan baya na kai ɗana gida a gan shi, ya fara rarrafe. Tun daga bakin gari na ji ƙarar da na sani, injin niƙa a bayan katangar maƙwabta. Na tambayi Baba, ya kawar da kai ya ce daji ba ya shiguwa yanzu, mutane kuma sai sun ci abinci. Farar ƙasar nan da aka zuba mana tuni ta yi duhu, ba ka bambanta ta da ta da.

Auta ne ya tarye mu a zaure. Ya yi tsawo ya fi Baba, har gemu ya fara tsiro masa. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke kiwon awaki, kuma har yau in ya ja Fatiha sai an kama masa a tsakiya. Ya ga yaron ya washe baki, ya karɓe shi yana juyi da shi. Sai na ga ya tsaya kamar wanda ya tuna wani aiki. Ya sunkuya a bakin zaure, ya yi bisimilla tiryan-tiryan ba gargada, ya dangwali ƙasa da ɗan yatsa ya nufi bakin ɗana.

Ban san lokacin da na cafke hannunsa ba. Na matse shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har ya yi 'yar ƙara. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, mamaki ne kawai da tsoro, irin na yaron da aka doka yana tsakiyar yin abin kirki.

"Shi san gida," ya ce. "Kaka tac ce."

Duk abin da aka yi ta zuba masa a kai shekara da shekaru ya zube, wannan kaɗai ya zauna. Na goge masa yatsan da gefen mayafina, na karɓi ɗana. Inna na tsaye a ƙofar tsakar gida tana kallonmu. Shi kuwa ya sake sunkuyawa, ya dangwala, ya sa a nasa bakin.